Ƙamshin da Bai Wuce Mayafi Ba

A shagunan turare na Sabon Gari a Kano, haka ma a Maiduguri da Damagaram, akwai wani nau'in turare da mai shago kan miƙo wa mace idan ta ce na zuwa aiki take so ko na makaranta. Zai fesa mata kaɗan a bayan hannu ya ce, "Hajiya, wannan mai sanyi ne, ba ya hawa kai." Tushensa almiski ne mai laushi, an ɗora masa ƙamshin fure, can ƙasa-ƙasa kuma ana jin wani abu mai kama da hodar jarirai. Ba shi da kaifin udu, ba shi da nauyin humra, sai an matso kusa ake sanin an shafa shi. Don rana aka yi shi, kuma a nan gizo ke saƙar, domin rana lokacin fita ce, ita kuwa mace Musulma ta tashi tana jin cewa turare da fita ba sa haɗa hanya. Shi ya sa mutane suka rabu gida biyu. Wasu na cewa duk abin da ya amsa sunan turare ya haramta gare ta da zarar ta wuce zaure, ko da ɗigo ɗaya ne. Wasu kuma na cewa tunda mai sanyi ne ai babu komai, Allah zuciya yake dubawa. A ganina ɓangarorin biyu kwalba suke kallo, alhali nassoshin da suke kafa hujja da su a kan iskar da ke tsakanin mutane suke magana: ina ƙamshin ya kai, hancin wa ya shiga, kuma me ya sa aka sake shi.

Asalin ƙamshi a Musulunci abin so ne. Nasa'i ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya ƙidaya turare cikin abubuwan duniya da aka sanya masa son su, a Sahihu Muslim kuma ya fifita almiski a kan sauran turaruka. Wannan almiskin, in an bi salsalarsa, daga jikin wata ƙaramar barewa marar ƙaho yake fitowa, wadda ke rayuwa a tsaunukan Himalaya da Tibet da Saiberiya. Namijin ne ke ɗauke da wata 'yar jaka kusa da cibiya, abin da ke cikinta kimanin giram 25. Malaman da suka ɗauka daga jini yake samuwa sun san hukuncin jini sarai, amma duk da haka Imam Nawawi ya hakaito haɗuwarsu a kan tsarkin almiski. Wato tun farko fiƙihu bai sa turare a layin abin tuhuma ba, har ya buɗe masa ƙofar da ya rufe wa wasu abubuwan. Saboda haka wanda duk zai ce wani nau'in amfani da shi haramun ne, shi zai kawo hujja, kuma haramcin zai tsaya daidai inda hujjar ta tsaya.

Hujjar kuwa tana nan, mai nauyi ma. Wanda ya ce babu ita, ko bai karanta ba ko ya kau da kai. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari gargaɗi mai tsanani a kan matar da ta shafa turare ta ratsa ta gaban mutane domin su ji ƙamshinta, har aka jingina mata sunan da babu 'yar mutuncin da za ta so a kira ta da shi. To amma a duba yadda aka gina maganar. Abubuwa uku aka haɗa: ta shafa, ta ratsa taro, kuma manufarta su ji. Irin wannan ginin ne a aya ta 31 ta Suratun Nur, inda aka hana mata buga ƙafa a ƙasa don a san adon da suke ɓoyewa. Ayar ta bar munduwa a ƙafar mai ita, abin da ta hana shi ne a yi shela da ita. Akwai kuma wani labari da ya fi kowanne fito da abin fili, kuma abin mamaki a cikinsa ne aka yabi almiski. Wata gajeriyar mace ce daga Banu Isra'ila da ke tafiya tsakanin dogayen mata biyu, sai ta sa aka sassaƙa mata ƙafafun katako don ta ƙara tsawo, ta kuma yi zoben zinare mai murfi ta cika shi da almiski. A ruwayar Imam Ahmad an ƙara da cewa idan ta zo wucewa ta wata majalisa sai ta buɗe murfin, ƙamshi ya tashi. Almiskin da ke cikin zoben bai sauya ba tsakanin gida da titi, yana nan a matsayinsa na mafi daɗin turare. Laifin yana ga yatsan da ya ɗaga murfi, da kuma daidai wurin da aka zaɓa a ɗaga shi. Haka nan matar da Abu Huraira ya tare a hanyar masallaci ya faɗa mata hukuncin komawa ta wanke: ruwayar Abu Dawuda ta nuna ƙamshin ne ke busowa daga jikinta. Bai matsa ya shinshina ba, turaren ne ya zo ya same shi.

Daga nan sai hadisin da Tirmizi da Nasa'i suka kawo daga Abu Huraira, wanda ya bambanta turaren maza da na mata: na maza ƙamshinsa ke bayyana launinsa ya ɓuya, na mata kuwa akasin haka. Masu tsanantawa kan karanta shi su wuce, alhali shi ya fi kusa da tambayarmu, domin ya tabbatar wa mace turare nata na kanta, ya kuma siffanta ƙamshinsa da ɓuya. Sa'id bin Abi Aruba, wanda ke cikin maruwaitan irin wannan magana a Sunanu Abi Dawuda, ya ce a ganinsa magabata sun ɗauki wannan siffa a kan lokacin da mace za ta fita ne, in kuwa tana wurin mijinta sai ta shafa abin da ta ga dama. Ke nan akwai turaren fita, alamarsa ita ce ba ya tallata kansa. Aikin matan farko ma a kan haka ya tafi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda suke fita zuwa Makka tare da Manzon Allah (SAW), su shafa wa goshinsu wani haɗin turare da ake kira sukku lokacin ɗaukar harami, idan ɗayarsu ta yi gumi ya gangaro mata a fuska, yana gani bai hana ba. Tafiya ce ta kwanaki, cikin ayari. Ita ce kuma ta ruwaito, a Buhari da Muslim, yadda aka koya wa wata mata ta bi wurin jini da ɗan ƙyalle mai almiski bayan wankan haila. Har mai takaba, wadda aka hana wa ado da turare wata huɗu da kwana goma, hadisin Ummu Aɗiyya ya yi mata rangwamen ɗan ƙusɗu da farce idan ta yi tsarki, farcen nan dai da matan Barno ke soyawa su zuba a humra har yau. Babu inda aka ce waɗannan mata su kulle kansu a ɗaki sai ƙamshin ya gushe. Shari'ar da ta koya wa mace ta kawar da wari da almiski ba za ta juyo ta kira ta da mummunan suna don ɓurɓushinsa ya rage a jikinta ba.

To me ya sa aka sa wa ƙamshi ido haka, fiye da wasu kayan ado? Amsar tana cikin halittar hanci. Ido yana da murfi, wuya kuma yana juyawa, shi ya sa da Suratun Nur ta zo maganar kallo ta raba nauyin biyu: ta fara da umartar maza su runtse idanunsu, sannan ta umarci mata su runtse nasu su kuma rufe adonsu. Kowa da nasa aiki. Hanci kuwa ba shi da murfi. Mutum na iya ƙin kallo, yana iya ƙin taɓawa ko ɗanɗanawa, amma ba ya iya ƙin numfashi, kuma abin da ya shaƙa ya riga ya shige cikinsa kafin ya yi shawara. Babu nassin da ya ce wa mutane su toshe hanci, domin shari'a ba ta umartar mutum da abin da ya fi ƙarfinsa. Tunda mai shaƙa ba shi da zaɓi, nauyin duka sai ya koma kan mai sakin ƙamshin. Masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya iso wannan gaɓa ta tasa hanyar a littafinsa na 1798 kan ɗabi'ar ɗan Adam, inda ya ɗauki jin ƙamshi a matsayin abin da ya saɓa wa 'yanci, saboda na kusa da kai dole su yi tarayya da kai a ciki ko suna so ko ba sa so. A wani littafin ma ya buga misali da mai zaro hankici mai turare daga aljihu a cikin taro. Shi ladabin zama da jama'a ne a gabansa, amma dalilin ɗaya ne. Sunna kuwa ta riga shi da fiye da shekara dubu, kuma har a kan maza ta yi aiki da shi: hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya nesanta wanda ya ci albasa ko tafarnuwa daga masallaci, Sayyidina Umar kuma ya faɗa a kan mumbari cewa ya ga an sa a fitar da mai irin wannan wari har zuwa Baƙi'a. Albasa halal ce, babu mai ja. Abin da aka hana shi ne ka cusa ta cikin numfashin wanda kuke sahu ɗaya. Idan aka jera wannan da hadisan turaren mata, sai a ga ƙa'ida ɗaya ce ke gudana a ƙarƙashinsu: iskar masallaci da ta titi da ta kasuwa ta kowa ce, ba a yarda mutum ɗaya ya mamaye ta ba, da wari ne ko da ƙamshi. Bambancin kawai shi ne wari kora yake yi, ƙamshi kuwa kira yake yi, kuma kowannensu yana ɗauke wa mutum hankali daga abin da ya sa gaba ba da yardarsa ba.

Wannan ƙa'ida ta ƙara zama dole a zamaninmu, saboda almiskin da ke cikin kwalaben yau ba na barewa ba ne. A 1888 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Albert Baur yana aiki a kan nakiya sai ya ci karo da wani sinadari mai ƙamshin almiski, daga nan aka fara yin sa a masana'anta. A 1965 kamfanin IFF na Amurka ya fito da Galaxolide, wanda ya zama ɗaya daga cikin almiskan haɗi da aka fi amfani da su a duniya. Ƙwayoyin irin wannan almiski manya ne masu nauyi, ba sa saurin tashi, shi ya sa suke lafewa a fata da tufa su daɗe, kuma shi ya sa turaren da aka gina a kansu ba ya cika yin nisa. Ƙamshin hoda da ke rakiyarsu kan fito daga saiwar wani fure da ake nomawa a Italiya, a shanya ta shekaru kafin ta yi ƙamshi, ko daga sinadaran da ke kwaikwayonta. Inda maganar ta shafe mu shi ne, da yake wannan almiski yana jure wanki yana manne wa zare, shi ake zubawa a garin wanki da sabulun wanka da man shafawa da hoda. Abin da hancinmu ya saba kira ƙamshin tsafta, galibi shi ne. Saboda haka matar da ba ta taɓa sayen kwalbar turare ba, in dai ta wanke hijabinta da omo ta shafa mai, to da almiski ta fita. Wanda ya rataya hukuncin a kan sinadarin da ya taɓa jiki, ko dai ya haramta mata sabulu, ko kuwa ya yarda cewa abin da ya raba sabulun da kwalbar shi ne yawan ƙamshi da nisan da yake kaiwa.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai cewa, ba duk ruwayoyi ne suka ambaci manufa ba. Lafazin Tirmizi na hadisin Abu Musa ya tsaya a kan shafawa da wucewa ta majalisa. Hadisin Zainab matar Abdullahi bin Mas'ud a Sahihu Muslim ya hana wadda za ta masallaci taɓa turare, bai ware mai yawa da kaɗan ba, haka ma hadisin da ya hana wadda ta yi turaren wuta halartar sallar Isha'i. Game da na farko, sananniyar ƙa'ida ce a usulu cewa idan magana ta zo a sake a wani wuri, ta zo a ɗaure a wani, a kan hukunci ɗaya da sababi ɗaya, da ɗaurarriyar ake fassara sakakkiyar. Balle a nan sahabi ɗaya ne, hadisi ɗaya. Ko an bar lafazin Tirmizi shi kaɗai ma, majalisar da aka ambata a gefe take zaune, babu abin da zai haɗa ta da mai wucewa sai ƙamshin da ya tsallaka ya same ta. Game da masallaci kuwa ban ga abin ja-in-ja ba. Nassin a fili yake, wurin kuma na musamman ne: ana son zuciya ta tattaru wuri ɗaya, ƙofofi da hanyoyi kuma a cunkushe suke lokacin fita, musamman a tarawihi da tahajjud da Idi. Wadda za ta masallaci ta ajiye kwalbar, mai sanyi da mai zafi, ba ta yi asarar komai ba. Ibn Daƙiƙil Id ya ba da dalilin hanin da cewa turare na motsa sha'awar maza, malamai kuma suka riskar da abin da ke yin irin wannan aiki, kamar tufafi masu ɗaukar ido da ado mai bayyana. Wannan dalilin da kansa shi ya shata iyakar ƙiyasin da za a yi zuwa kasuwa ko ofis ko aji, domin abin da zai motsa mutum sai ya isa gare shi tukuna. Masu cewa in an hana a masallaci to kasuwa ta fi cancanta sun yi daidai a kan turaren da ke busowa, amma ƙiyasi ba ya ɗaukar hukunci ya kai shi inda dalilinsa bai je ba.

Hujja ta biyu ta masu tsanantawa ta fi kama zuciya a ƙasar da ta tashi a kan littattafan Malikawa, Risala da Muhtasar, wato toshe kafar ɓarna. Masu riƙo da ita za su ce rigakafi ya fi magani, in ka buɗe wa mace ƙofar "kaɗan" gobe wanka za ta yi da shi. Amma Malikawan da suka tsara wannan asali ba su bar shi babu linzami ba. Shihabuddin Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya kasa kafofin ɓarna uku a littafinsa Al-Furuƙ: wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar mutane, wadda aka haɗu a kan barin ta a buɗe, kamar noman inabi duk da ana yin giya da shi, da maƙwabtakar gidaje duk da tana iya kai wa ga alfasha, sai wadda ake saɓani a kanta. Ke nan yiwuwar ɓarna kawai ba ta isa dalilin hani ba, sai an duba kusancinta da abin da za a rasa idan an toshe. Ibn Hajar Al-Haitami, wanda ya lissafa fitar mace da turare cikin manyan zunubai a littafinsa Az-Zawajir, nan take ya ce a ɗauki hakan a kan inda fitina ta tabbata. Inda aka fi zaton aukuwarta haramun ne da bai kai babban zunubi ba, inda kuma tsoronta kawai ake yi makaruhi ne. Ko mai tsanantawar ma ya yi wa abin matakai. Abin da za a rasa kuwa ba ƙarami ba ne. Malamar da ke tsaye gaban yara tun safe har azahar, da ma'aikaciyar jinya da ke sunkuyawa kan majinyaci, da ɗalibar da ke ɗakin lacca cike maƙil babu fanka a watan Afrilu, duk a cikin iskar jama'a suke, kuma tsamin gumi ma cutarwa ne irin na albasa. Fitarsu ba abin gori ba ce a ƙasar Shehu Usmanu, wanda ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, wanda kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, mata na takowa daga ƙauyuka neman ilimi. Abin da ya kashe wa irin waɗannan mata wari ya tsaya a cikin mayafinsu, a babin tsafta yake.

Sai dai mudun da ya wanke ƙamshin da ya ɓuya shi ne kuma yake kama wanda ya fito, kuma a nan masu sassautawa ke zamewa. Mai turare ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi wa turarenta alƙalanci. Hanci yana gajiya, bayan 'yan mintuna sai ya daina kai labarin ƙamshin da ya zauna tare da shi. Almiski kuma yana da wata ɗabi'a ta daban: mutane da yawa hancinsu ba ya kama wasu nau'o'insa sam, har masu haɗa turare kan zuba iri-iri a kwalba ɗaya don kowa ya sami wanda zai ji. Sai ka ga mace ta fesa ba ta ji komai ba, ta ƙara, ta bi mayafi da jaka, ta fita tana rantsuwa mai sanyi ne, alhali na bayanta a layin banki yana ta atishawa. Ga kuma zafi. Turaren da aka gwada a Faris aka kira shi mai laushi, inda fata ke da sanyi aka gwada shi. Zafi yana gaggauta tashin ƙwayoyin ƙamshi, don haka feshin da zai lafe a jiki da hunturu zai tashi ya cika wuri a Sakkwato ko Yamai da bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Ga kuma tazara. Ƙamshin da bai wuce kamu ɗaya ba ɓoyayye ne ga mai tafiya a ƙasa ko mai tuƙa motarta, amma a cikin adaidaita sahu, inda mutum uku ke matse a baya direba na gabansu da taku ɗaya, kamu ɗayan nan ya isa ya shiga hancin kowa. Kyakkyawar niyya ba ta sauya wannan lissafi. Wadda ta san tabbas za a ji, ta kuma fita a haka, ba ta yi nisa da wadda ta so a ji ba. Mai albasa ma bai ci don ya cuci kowa ba, amma aka ce ya nesanci sahu. Balle abin da ake gani a hanyar gidan biki, inda ake tsuguna wa kasko har kaya su kama, a bi da humra, sannan a tari abin hawa a bakin titi. Wannan ƙamshin ɗaki ne, kuma ko masu yin sa ba sa kiran sa mai sanyi.

Mai tambaya zai ce to wa zai auna, tunda ba a sa wa abin lamba ba. Fiƙihu cike yake da irin wannan awo: ana yafe jini kaɗan a tufa a yi salla da shi, ana yafe ɗan rashin sani a ciniki, kuma ba a ce a rufe kasuwa don iyakar "kaɗan" na da wuyar shatawa ba. A nan ma'aunin ma a gida yake, hancin wani ne. 'Yar'uwa ko 'ya da ke tsaye a ƙofar ɗaki za ta faɗi gaskiyar da hancin mai turare ya daina faɗa. Kuma kowace mace ta san bambancin ɗigo a fata a ƙarƙashin riga da feshi a saman mayafi, inda iska ke ɗauka.

Sauran ƙorafi ɗaya, daga mata masu karatu yake fitowa: don me namiji zai yi wanka da udu ya cika ofis a yaba masa, mace kuwa a sa mata mudu? Hadisin turaren maza da na mata ya bambanta su, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma izinin bayyanar ƙamshi da aka ba namiji bai cire shi daga haƙƙin iskar jama'a ba. Mai asma da ke sahu kusa da shi, da mai cikin da ƙamshi ke tayar wa zuciya a cikin mota, suna da haƙƙi a kansa, kuma hadisin hana cuta da cutarwa yana nan a Muwaɗɗa. Imam Gazali, a babin niyya na Ihya'u, ya ɗauki mai shafa turare ya nuna cewa aiki ɗaya ne amma yana iya zama ibada idan don girmama masallaci ne ko hutar da na kusa daga wari, yana kuma zama saɓo idan don alfahari ne ko don jan zukatan matan da ba nasa ba. Saurayin da ya zazzage kwalba a jiki ya je ya kafa majalisa a hanyar makarantar 'yan mata, murfin zobe ya ɗaga shi ma. Lafazin Tirmizin nan da ake yawan karanta wa mata, da laifin ido ya fara kafin ya zo kan turare, amma laifi tudu ne. Kuma sunan nan mai muni da hadisin ya ambata, masu sharhi sun fassara shi da cewa ta jawo wa kanta rabo daga zunubin kallon da ta haddasa, ba su ba wani ɗan majalisa izinin jifan mace da shi don ta wuce da ƙamshi ba. Jifan mace kamila da wannan suna ba tare da shaidu huɗu ba yana da haddinsa a aya ta 4 ta Suratun Nur, bulala 80, kuma a mazhabar Imam Malik ko da habaici aka yi jifan, in dai an fahimci abin da ake nufi, haddin yana hawa.